Raspberry Pi, Jetson, FPGA ko ƙaramar kwamfuta: wacce za ka dasa a na'urar bincike mai sarrafa hoto nan take?

Duk wanda ya zauna haɗa na'urar bincike mai kyamara, ko madubin likita ne mai ƙirga ƙwayoyin cuta da kansa, ko akwatin da ke bin motsin sauro, ko injin da ke ware ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya, sai ya iso ga tambaya guda: wace kwamfuta za a dasa a ciki ta riƙa duba hotunan suna shigowa? Abin da ke gaban yawancin masu wannan aiki huɗu ne. Akwai Raspberry Pi 5, akwai Jetson na kamfanin NVIDIA, akwai bod mai FPGA, wato guntun da kai ne ke tsara wayoyin lissafinsa, irin Kria na AMD, sai kuma ƙaramar kwamfuta mai injin Intel wadda ba ta wuce tafin hannu biyu ba.

Masu talla lamba ɗaya suke sa maka a gaba, TOPS, wato tiriliyan nawa na lissafi guntun zai yi a sakan guda. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A ganina wannan lambar ita ce ta ƙarshe da za ka duba, domin akwai tambayoyi biyar da suka riga ta.

Abin da za ka auna kafin ka taɓa aljihu

Na farko, kuma shi ne uban sauran: wa'adi. Daga lokacin da haske ya faɗa kan sensa, wato ɓangaren kyamara mai kama haske, zuwa lokacin da dole na'urar ta yanke hukunci, tsawon wane lokaci ke nan, kuma me zai lalace idan ta makara sau ɗaya a cikin dubu? Ɗauki madubin da ke neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin da aka rina da Giemsa. Ƙa'ida ita ce a duba aƙalla filaye 100 na jini mai kauri kafin a ce babu komai. Mota, wato ƙaramin injin lantarki, ce ke matsar da gilashin, a daidaita gani, a ɗauki hoto, a matsa gaba. Idan lissafin fili ɗaya ya ci rabin sakan, wani kuma ya ci sakan guda, jinin na nan bai je ko'ina ba. Yanzu kwatanta da ɗigon ruwa mai ɗauke da ƙwayar halitta, yana gudun mita ɗaya a sakan cikin siririn bututu. Kowane milisakan ɗaya yana tafiyar milimita ɗaya. In hukuncin a tura shi dama ko hagu ya makara da milisakan biyu, ɗigon ya wuce, kuma wanda aka tura wani ne daban. Na'urorin biyu duk ana cewa suna aiki nan take, amma ta farko matsakaicin gudu ne damuwarta, ta biyu kuwa mafi munin jinkiri. Mutane da yawa suna auna matsakaici su ga milisakan 15 su yi murna, ba su lura cewa sau ɗaya a minti yana kaiwa 80 ba.

Na biyu, yawan bayanai da ƙofar da za su shigo. Wannan lissafi ne na minti ɗaya: faɗi sau tsawo sau bayit na kowane fiksel sau hotuna a sakan. Kyamara mai 1920 da 1080, baƙi da fari, bit 8, hotuna 30 a sakan, tana zubo kimanin megabayit 62 a sakan. Kowace kwamfuta a cikin huɗun nan za ta karɓi wannan. Kyamarar sCMOS ta ɗakin bincike mai 2048 da 2048, bit 16, hotuna 100 a sakan, tana zubo kusan megabayit 840. Wayar Ethernet ta gigabit ɗaya ba ta wuce kimanin 120, USB 3.0 kuwa a aikace tana tsayawa wajen 350 zuwa 400. Ka ga tun ba a zo maganar injin lissafi ba, ƙofa ta riga ta kori wasu. Shi ya sa nake cewa a zaɓi kyamara tukuna, a duba irin wayarta da manhajar da kamfaninta ya bayar, sannan a nemi kwamfutar da ta yarda da ita.

Na uku, gaskiyar hoton. Kyamarar waya aikinta ta ƙawata: ta goge hayaniya, ta ƙara kaifi, ta gyara launi yadda ido ke so. A wurin mai awo wannan ɓarna ce, domin hasken fiksel shi ne sakamakon. Dole ka iya kashe duk wani gyara na atomatik, ka karɓi ɗanyen hoto, ka kuma san ainihin lokacin da aka ɗauki kowane ɗaya. Idan abin da kake ɗauka yana motsi, nemi sensa mai buɗe duk fiksel lokaci guda, saboda mai karantawa layi bayan layi tana karkata siffar abu mai gudu.

Na huɗu, irin lissafin. Tace hoto, cire bango, nemo tsakiyar ɗigo mai haske, ƙirga abin da ya wuce wani ma'auni, waɗannan lissafi ne ƙayyadajje. Gane cewa wannan ƙwayar cuta ce wancan kuwa dattin rini ne, wannan aikin samfurin ƙirƙirarriyar basira ne. A nan kaɗai TOPS ke da bakin magana, kuma ko a nan ma akwai sharaɗi: ana ƙirga ta ne da lambobi masu bit 8, don haka sai ka matse samfurinka ya koma bit 8, ka sake gwada ko har yanzu yana gani daidai.

Na biyar ya haɗa abubuwan da ba sa fitowa a takardar talla: wuta, zafi, ƙura, da wanda zai riƙe na'urar bayan wanda ya haɗa ta ya kammala digirinsa ya tafi. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ɗakin gwaji kuma ba kullum yake da sanyi ba. Bod ɗin da aka gwada a ɗaki mai digiri 22 zai fara rage gudu da kansa da wuri. Ƙurar hunturu kuwa tana cika fanka.

Farashin da zan ambata yawancinsu na ranar fitowa ne, da dalar Amurka. Kuɗin jigila da na kwastam da canjin kuɗi za su hau kai, kuma farashin memori yana motsi, don haka a ɗauke su a matsayin ma'aunin kwatance kawai.

Raspberry Pi 5

Ya fito a watan Oktoba 2023, mai memori gigabayit 4 a dala 60, mai 8 a dala 80. Injinsa cibiyoyi huɗu ne na Cortex-A76 a gudun gigahaz 2.4, yana da ƙofofin kyamara biyu na MIPI, irin waɗanda ake jona sensa kai tsaye, da layin PCIe guda, wato hanya mai sauri ta jona ƙarin kaya. Babban abin da ya fi sauran da shi ba ƙarfi ba ne, jama'a ne. Duk matsalar da ka ci karo da ita, wani ya riga ka, ya kuma rubuta maganinta. Ɗalibin da ya iya Python zai ɗauki ɗanyen hoto da manhajar Picamera2 ya sarrafa shi da manhajar OpenCV a yini ɗaya. Kyamarorinsa ma na da araha: mai sensa IMX477 ta megafiksel 12.3 dala 50, mai buɗe fiksel lokaci guda ta IMX296, megafiksel 1.6, ita ma dala 50, kuma tana karɓar siginar ɗauka daga waje.

Ba abin wasan yara ba ne a fagen bincike. Madubin OpenFlexure, wanda aka raya a Jami'ar Bath ta Ingila tare da abokan aiki a Tanzaniya ciki har da cibiyar lafiya ta Ifakara, a kan Raspberry Pi yake tafiya, kuma duba jinin zazzaɓin cizon sauro na cikin abin da aka nufa da shi. Ga ƙasa irin Najeriya, wadda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, wannan misali ne na kusa.

Shi kaɗai, Pi ba ya jan babban samfurin basira da sauri. Maganin da aka kawo a 2024 shi ne guntun Hailo da ake ɗorawa a kansa: mai TOPS 13 a dala 70, mai 26 a dala 110. Yana aiki sosai wajen gano abubuwa a hoto, yana kuma shan wuta kaɗan. Amma ka san abu biyu. Sai ka juya samfurinka da manhajar Hailo a kan wata kwamfutar Linux daban mai ƙarfi, kuma ba kowane irin samfuri ke juyuwa salin alin ba. Sannan guntun yana cinye layin PCIe ɗin nan guda ɗaya, wanda shi ne kuma kake so ka sa wa ma'ajiya mai sauri ta NVMe. Ko dai ka sayi bod mai raba layin, ko ka koma ma'ajiya ta USB.

Maganar ma'ajiya ba ƙarama ba ce. Katin microSD shi ne inda Pi ya fi mutuwa: a ɗauke wuta yana cikin rubutu, gobe ya ƙi tashi. Duk na'urar da za ta zauna a inda wuta ke zuwa tana tafiya, a sa mata batir a tsakani, a kuma fifita Compute Module 5, wato nau'in Pi 5 da ake dasawa cikin na'ura, mai ma'ajiyar eMMC a jikinsa, wanda ya fito ƙarshen 2024. Zafi kuwa, da zarar guntun ya kai digiri 80 zuwa 85 sai ya rage gudu, don haka fanka wajibi ce. Yana kuma son caja mai bolt 5 da amfiya 5, ba kowace cajar waya ba. Kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da ƙera Pi 5 har tsakiyar shekarun 2030, kuma tarihinsa wajen riƙe tsofaffin samfura yana da kyau.

Ta fuskar wa'adi, Linux ne ke tuƙa shi, kuma Linux yana da ayyuka da yawa a gabansa ban da naka. Tun fitowa ta 6.12 a Nuwamba 2024 gyaran PREEMPT_RT ya shiga cikin asalin Linux, abin da ke rage tangal-tangal ɗin lokaci sosai. Ragewa ce, ba tabbaci ba.

Jetson Orin Nano

A Disamba 2024 NVIDIA ta sauke farashin kayan gwajinsa daga dala 499 zuwa 249, ta ƙara masa gudu ta manhaja, ta laƙaba masa Super. Yana da cibiyoyi shida na Cortex-A78AE, GPU, wato guntun da ke yin lissafi da yawa lokaci guda, mai cibiyoyin CUDA 1024, memori gigabayit 8 mai gudun gigabayit 102 a sakan, yana shan wat 7 zuwa 25 gwargwadon yadda ka saita. Ana tallarsa da TOPS 67, amma wannan lissafin samfurin da aka rage wa rabin nauyi ne ta wata hanya ta musamman. Ga samfuri na yau da kullum, raba lambar biyu.

Abin da nake so game da shi ga mai bincike shi ne sassauci. Hailo samfurin basira kawai ya sani. GPU kuwa za ta yi maka samfurin, ta yi maka lissafin Fourier, ta daidaita hotuna, ta warware dusashewar gani, kuma da lambobi masu bit 16 ko 32 idan awonka ba ya jure matsewa. Abin da ka rubuta da PyTorch ko CuPy a babbar kwamfutar ofis, da ɗan gyara zai tafi a nan, sannan manhajar TensorRT ta NVIDIA ta ƙara masa sauri. Memorin ma ɗaya ne tsakanin injin da GPU, don haka ba sai an yi ta kwashe hoto daga nan zuwa can ba. Illar hakan ita ce gigabayit 8 ɗin kowa a ciki yake ci, har da Ubuntu.

Inda yake ba da ciwon kai shi ne kyamara da manhaja. Sensa IMX219 da IMX477 suna aiki kai tsaye ta ƙofar MIPI. Wata sensar daban sai da direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wanda ya dace da ainihin fitowar JetPack, tarin manhajar Jetson, da kake kai, yawanci daga kamfanin da ya sayar da kyamarar. Ka sabunta JetPack, direba ya ƙi, ka zauna jira. Kyamarorin masana'antu na USB3 da Ethernet sun fi sauƙi, domin kamfanoni irin Basler suna ba da manhajarsu ga injin ARM, irin wanda ke cikin Jetson da Pi. Orin Nano kuma ba shi da guntun matse bidiyo, don haka idan kana son adana bidiyo matsattse, injin ne zai ɗauki nauyin. Pi 5 ma haka yake.

Darasin Jetson Nano na farko ya isa jan kunne. Ya fito a 2019 a dala 99, ɗakunan bincike suka rungume shi, sai manhajarsa ta tsaya a JetPack 4.6 a kan Ubuntu 18.04. Bod ɗin na da rai, amma sababbin kayan Python sun wuce shi. Da Jetson, tsufan manhaja ke riga tsufan ƙarfe. Ka kuma sani cewa kayan gwajin dala 249 an yi su ne don gwaji. In za ka ƙera na'urori da yawa, sai ka sayi guntun daban da bod ɗin ɗaukarsa daban, kuma jimillar ta fi haka. Wanda Nano ya yi wa kaɗan, akwai AGX Orin mai TOPS 275, dala 1,999, wat 15 zuwa 60, amma a wannan farashi ya kamata ka tsaya ka kwatanta da cikakkiyar kwamfuta mai katin GPU.

Jinkirinsa daga kyamara zuwa hukunci yawanci gomman milisakan ne, domin sai hoto ya gama shigowa gaba ɗaya, ya zauna a memori, sannan GPU ta ɗauka. Ana iya matse GPU ta yi aikin milisakan ɗaya. Na'urar SCExAO ta madubin hangen taurari na Subaru a Hawaii tana gyara rawar iska da GPU fiye da sau dubu a sakan. Sai dai wannan aikin ƙwararru ne na shekaru a kan manyan injuna, ba abin da ke fitowa daga kwali ba.

FPGA: Kria da 'yan uwansa

Wannan wata halitta ce daban. Sauran ukun suna karanta umarni ɗaya bayan ɗaya. FPGA kuwa kai ne kake shimfiɗa wayoyin lissafin a cikin guntun, kowane mataki da nasa wurin. Yadda leburori ke jeruwa ranar zuba dakin suna miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu, kowa aiki ɗaya, kwano ba ya tsayawa, haka fiksel ke ratsa shi. Tacewa mai duba fiksel uku da uku ba ta bukatar dukan hoto, layi biyu kawai za ta riƙe ta jira na uku. Kafin layin ƙarshe ya baro sensa, an gama aikin na sama. Jinkirin ya koma maikirosakan, kuma abin da ya fi muhimmanci, iri ɗaya ne kowane lokaci, ana iya ƙirga shi da bugun agogon guntun tun kafin a kunna.

Shi ya sa za ka same shi duk inda makara ke nufin asara. Lokacin da motar Perseverance ke sauka duniyar Mars ranar 18 ga Fabrairu 2021, FPGA na Xilinx Virtex-5 ne ya taya ta kwatanta hotunan ƙasa da taswira tana cikin faɗowa. A 2022 masu bincike na cibiyar nazarin halittu ta Turai, EMBL, tare da kamfanin BD suka wallafa hanyar ware ƙwayoyin halitta bisa hotonsu da gudun da ya kai 15,000 a sakan, abin da ke barin ƙasa da milisakan ɗaya tsakanin ƙwaya da ƙwaya.

Kayan gwaji na Kria KV260 sun fito daga kamfanin Xilinx a 2021 a dala 199, kafin AMD ta kammala sayen Xilinx a Fabrairu 2022. A ciki akwai guntun Zynq UltraScale+ wanda ya haɗa abu uku: sashen FPGA mai ɗakunan lissafi kimanin 256,000, cibiyoyi huɗu na Cortex-A53 masu tafiyar da Linux, da cibiyoyi biyu na Cortex-R5F don aikin da ba ya son jira. Memori gigabayit 4 ne. Ɗan uwansa KR260, dala 349, yana da ƙofar Ethernet ta gigabit 10 da ƙofar sensa mai sauri. Akwai kuma samfurin masana'antu na guntun mai jure daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 100. Wajen tsawon rai babu kamarsu: dangin Zynq-7000 da aka sanar tun 2011 har yau ana sayar da su, kuma bod ɗin Red Pitaya da ya cika ɗakunan gwajin kimiyyar lissafi da haske a kansu aka gina shi.

To ina matsalar? Araha ce ta yaudara. Kuɗin FPGA ba a bod yake ba, a watannin mutum yake. Sai an iya Verilog ko VHDL, harsunan tsara wayoyin guntu, ko a rubuta da C++ a bar Vitis HLS ya juya, wanda shi ma sai ka fahimci abin da ke faruwa a ƙasa kafin ya ba ka abin kirki. Manhajar Vivado da ake gina aikin da ita gomman gigabayit ce wajen saukewa, ga mai sayen data wannan kaɗai abin lissafi ne. Gyara ɗan ƙarami na iya cin rabin awa ko fiye kafin ka ga sakamako, alhali a Python sakan biyu ne. PYNQ yana ba ka damar tuƙa abin da aka riga aka gina daga Python, amma ba ya gina maka. Samfurin basira ma yana tafiya a kai ta Vitis AI, sai dai hanyar ta fi ta Jetson wahala, gudun kuma bai kai ba. Sannan ka tambayi kanka: mutum nawa ne a sashenku za su iya buɗe aikin su gyara bayan shekara uku? Idan amsar mutum ɗaya ce, na'urar na rataye da zaman wannan mutumin.

Shawarata ita ce kada a je wa FPGA don sha'awa. A je masa idan an auna an ga wa'adin bai kai milisakan ɗaya ko biyu ba, ko bayanan sun fi ƙarfin kowace ƙofa sai an rage su tun a bakin sensa.

Ƙaramar kwamfuta mai injin Intel

An fi raina ta, kuma sau da yawa ita ce amsar. Mai guntun N100, wanda ya fito a farkon 2023, an riƙa samunta wajen dala 150 zuwa 200 da memori da ma'ajiya da akwati da caja. Dalilin zaɓarta guda ne mai ƙarfi: kusan duk kyamarar kimiyya mai tsada, irin na Hamamatsu ko Andor, manhajarta ta fi zama daram a kan Windows ko Linux na injin x86, wato dangin injin Intel. Manhajojin ɗakin bincike irin Micro-Manager da Fiji da LabVIEW duk nan ne gidansu. Manhajar OpenVINO ta Intel kuma tana jan matsakaicin samfurin basira a kan GPU ɗin da ke cikin guntun. In ta lalace, mai gyaran kwamfuta na kasuwa ya san cikinta.

Rauninta: ba ta da ƙofar MIPI, ba ta da fil-fil na tuƙa mota ko fitila, masu arahar kuma samfurinsu na canzawa duk shekara. Ita kanta Intel ta bar ƙera nata ƙananan kwamfutocin, NUC, a 2023 ta miƙa wa ASUS. Mai son wadda za ta daɗe, ya nemi ta masana'antu marar fanka, ya shirya biyan ninki biyu ko uku. Kyamarar megabayit 840 ɗin nan kuwa tana son katin karɓar hoto na PCIe, wato akwati babba.

| Ma'auni | Pi 5 da Hailo | Jetson Orin Nano | Kria KV260 | Ƙaramar kwamfuta |
|---|---|---|---|---|
| Farashin fitowa | dala 80 da 70 | dala 249 | dala 199 | dala 150 zuwa 200 |
| Shan wuta | ƙasa da wat 15 | wat 7 zuwa 25 | kimanin wat 8 zuwa 15 | kimanin wat 10 zuwa 30 |
| Jinkiri | gomman milisakan | gomman milisakan | maikirosakan | gomman milisakan |
| Tabbacin lokaci | babu | babu | akwai | babu |
| Samfurin basira | ƙarami zuwa matsakaici | mafi ƙarfi da sassauci | mai yiwuwa, da wahala | matsakaici |
| Kyamara | nasa masu araha, USB3 | MIPI da direba, USB3, Ethernet | kusan kowace, in ka gina | USB3, Ethernet, na kimiyya |
| Koyo | kwanaki | makonni | watanni | kwanaki |
| Babban haɗari | katin microSD, zafi | tsufan manhaja | rashin mai gyara | canjin ƙira duk shekara |

Haɗa biyu ya fi tilasta ɗaya

Akwai abin da jadawali ba ya nunawa. A na'urori da yawa, abin da ke bukatar tsayayyen lokaci ba sarrafa hoton ba ne, kunna fitila ne daidai lokacin da kyamara ta buɗe, ko tsayar da mota, ko buga hatimin lokaci. Wannan aikin ƙaramin guntu ne irin Raspberry Pi Pico na dala 4, wanda ba shi da Linux balle ya shagala. Ka bar masa agogo, ka bar wa babbar kwamfutar gani. Jirgi mai saukar ungulu na Ingenuity, wanda ya fara tashi a Mars ranar 19 ga Afrilu 2021 ya kuma yi tashi 72, haka aka tsara shi: guntun waya na Snapdragon 801 mai Linux yana bin hotunan ƙasa sau 30 a sakan, ƙananan guntaye biyu suna riƙe da tuƙi, FPGA kuma na tsakiya yana kula da sensa da lokaci. Kafin ka yanke cewa sai FPGA, gwada ko Pico da Jetson, ko Pico da Pi, sun biya bukata.

Gwajin kuma a yi shi da gaske: a rufe akwatin, a bar shi awanni a ɗaki mai zafi, a rubuta lokacin kowane hoto, sannan a duba mafi munin jinkiri da adadin hotunan da suka ɓace.

Wa ya dace da wanne

Idan madubi kake haɗawa mai duba jini ko fitsari ko ƙasa ko ganye, inda abin dubawar ke jiranka, ko tarkon ƙwari mai aiki da sola a gona, ɗauki Pi 5, ko Compute Module 5 in na'urar za ta bar ɗakin gwaji. Ƙara Hailo sai idan ka auna ka ga injin shi kaɗai bai isa ba.

Idan bidiyo ne mai gudana, hotuna 30 zuwa 100 a sakan, da samfurin basira mai nauyi ko lissafin da ba ya jure bit 8, kamar bin sawun dabba ko rarrabe ƙwayoyin halitta masu rai, Jetson Orin Nano ne, da sharaɗin ka tabbatar da direban kyamararka kafin ka biya, ka kuma ajiye cikakken kwafin manhajar da ta yi aiki.

Idan kyamarar kimiyya mai tsada ta riga ta zo, ko aikin ya dogara da Micro-Manager, kada ka wahalar da kanka da ARM. Sayi ƙaramar kwamfutar, ka haɗa ta da Pico ko Arduino don tuƙa fitila da mota.

Idan kuwa hukuncin zai buɗe bawul ko ya karkata leza cikin ƙasa da milisakan ɗaya, kuma makara ɗaya na ɓata gwaji, to Kria ko wani Zynq, tare da kasafin wata shida na koyo da mutum biyu aƙalla da suka san aikin.